Kifin Jidda da Tarwaɗar Malbaza

 Ni malamin karatun manya ne a Malbaza. Ina da aji na mata 27, muna haɗuwa bayan la'asar sau huɗu a sati. Labarin da zan ba ku ya faru a 2023. Labarin kifi ne da ruwa, da kuɗin mutane da na kusa ɓatarwa.

Matan ajina suna da asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991. Kowace Alhamis mace ta zuba dala 50 a akwati. Da akwati ya tara jika 420, sai suka ce a nemi sana'ar da za a yi tare. Wasu suka ce kiwon tumaki. Wasu suka ce a sayi albasa lokacin kaka a ajiye, in ta yi tsada a sayar. Ni ne na ce kifi. Na ga ana kiwon tarwaɗa a bayan gida a Sakkwato, na kuma ga yadda ake rububin kifin Tabalak da na Ɗan Dutsi in ya zo kasuwa. Ina da wani ɗan littafi mai hotuna. Iyakar sanina ke nan. A makarantar horon malamai ta Tawa an koya mini yadda ake koyar da karatu da lissafi, ba wanda ya koya mini kifi. Amma wanda ke tsaye gaban allo da alli a hannu, in ya yi magana ana ɗauka ya sani. Suka yarda.

Mijin uwar ƙungiya ya ba mu wuri a garkarsa ta bayan gari, kusa da rijiya. Muka gina tanki na siminti, tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfin ruwa mita 1. Lita 6000 ke nan, wato ganga 30. Ranar da ake shafe, magini ya ciro wani dutse daga aljihu ya nuna mini. Katantanwa ce sak, amma ta zama dutse. Ya ce a wajen da ake fasa dutsen siminti ya tsinto ta, kuma irinta ba su ƙirguwa. Masana sun ce shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce teku ce ta rufe wannan ƙasa tamu, daga nan har Sakkwato, kuma farin dutsen da masana'antar garinmu ke ƙonawa tun shekarun 1960 ɓawon halittun wannan teku ne. Irinsa ake haƙa a Kalambaina. Na yi mamaki, na mayar masa da dutsensa, ban san teku za ta sake shigowa labarinmu ba.

Sabon siminti yana kashe kifi, wannan kam littafin ya faɗa. Muka cika tanki da ruwa da busasshen kara, muka bar shi sati uku, muka zubar, muka sake. A watan Yuni aka kawo mana ƴaƴan tarwaɗa 500 daga Sakkwato ta hanyar Ilela ta Najeriya da Birnin Ƙonni. Gini ya ci jika 130, ƴaƴan kifi jika 50. Wata biyu na farko lafiya lau. Muna ba su abincin buhu mai yawo a saman ruwa, muna canza ruwa sau biyu a sati da injin ban-ruwa. Tsohon ruwan kuwa sai mu sake shi ya bi wani kwari ya tafi, don maigarka ya ce kada wannan ɗoyi ya taɓa masa ƙasa.

Daga nan abubuwa suka rikice. Tun ƙarshen watan Mayu Najeriya ta janye tallafin mai, man da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya ya yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai watan Maris 2024. Abincin buhu ya yi wuya, wanda aka samu kuma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Sai muka koma haɗa namu na gida: dusa, da ƙuliƙuli, da jinin mahauta da aka dafa, wani lokaci da hanjin kaji. Don a rage shan mai, na ce a riƙa canza ruwa sau ɗaya a kwana 10. Ni na yanke wannan shawara, ban tambayi kowa ba.

Abincin gida nutsewa yake. Na buhu, in kifi bai ci ba, kana ganinsa a sama ka san ka yi yawa. Namu in ya sauka ƙasa shi ke nan, ba ka san wanda aka ci da wanda ya ruɓe ba. Ruwa ya yi kore, daga kore ya koma baƙi-baƙi. A farkon Oktoba, lokacin zafin nan na bayan damina, na tarar da 6 sun mutu. Bayan kwana uku, 11. Ni da yaron da ke gadi muka binne su bayan darni. Ban rubuta a kaye ba, ban gaya wa mata ba. Na ce a raina kowane kiwo yana da asara. Sai wata safiya yaron ya zo da gudu tun ban gama karyawa ba. Muka tsamo 83, ciki a kumbure, sauran kuma sun tsaya a tsaye cikin ruwa, gashin bakinsu a sama. Wannan kam ba ta ɓoyuwa.

A daren nan ban yi barci ba, sai na kira ƙanena. Yana Jidda tun 2016, yana aiki a wani kanti da ke sayar da kifin ado na teku. Aikinsa shi ne ya bi gidajen masu hali yana kula da akwatunan gilashin da suke ajiye kifi da murjani a ciki. Ya sha aiko mini da hotuna ta WhatsApp. Ruwan garau, kamar kifin a iska yake yawo. Na tambaye shi sau nawa suke zubar da ruwa. Ya ce kashi ɗaya cikin goma, bayan sati biyu. Na ce to ina dattin yake zuwa? Sai ya buɗe ƙofar da ke ƙarƙashin akwatin kantinsu ya haska mini da salula. Na ga wata doguwar kwalba, a cikinta wasu fararen ƙwayoyi kamar tsabar dawa suna ta juyawa a hankali cikin ruwa. Ya ce sunansu biyofelet. Ni dai tsabar roba nake ce musu. Ya ce su ne ke rage dattin.

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce: "Ka sayo mini. Saura jika 110 a akwati, ko nawa ne zan turo maka gobe."

Ya yi shiru. Sannan ya ce: "Yaya, ka bari in gaya maka yadda take aiki tukuna. In ka ji, ka ce in sayo, zan sayo."

Mun kwana uku muna wannan magana, shi yana faɗa, ni ina rubutawa, abin da ban gane ba in bincika da rana. Ga abin da na fahimta.

Kifi ba ya riƙe duk abin da ya ci. A cikin abinci akwai sinadarin azot, wanda manoma suka sani a takin ure, da fosfor, wanda ke cikin takin 15-15-15. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na azot ɗin ne ke zama naman kifi. Sauran yana komawa ruwa, yawancinsa a matsayin amoniya, wadda guba ce. A akwatin Jidda akwai duwatsu masu ƙofofi, a jikinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya, masu mayar da amoniya ta zama nitarat. Nitarat ba ta kashe kifi da wuri, amma tana taruwa, ita da fosfat. Su biyun taki ne. In sun yi yawa gansakuka ta ci ta ƙoshi, ta rufe murjani.

Murjani kuwa, ashe dabba ce. Ni da na ɗauka dutse ne, don iyakar wanda na sani shi ne jan nan da kakanninmu mata ke ɗaurawa a wuya, wanda fatake ke kawowa daga Bahar Rum ta hamada. Na akwatin gilashi danginsa ne. Ƴan mitsi-mitsin halittu ne da ke zaune tare, suna gina gidansu da irin farin dutsen da muke yin siminti da shi. A cikin naman jikinsu akwai wata ƴar gansakuka da ke samar musu da abinci daga haske. Sun saba da ruwa marar taki ƙwarai, kuma fosfat mai yawa yana hana su gini. Shi ya sa masu kiwonsu suke son nitarat ta tsaya tsakanin miligiram 2 da 10 a lita, fosfat kuma kada ya wuce 0.1. Ku kwatanta: ruwan shan ɗan Adam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da nitarat har miligiram 50 a lita. Wato ruwan da ni da ku za mu sha lafiya, murjani yana iya ƙinsa.

To ina aikin tsabar roba? Akwai wasu bakteriya da ke cin nitarat da fosfat su gina jikinsu, amma ba sa iya ci sai da karbon, kamar yadda ba a shan miya sai da tuwo. A akwatin gilashi miya ta yi yawa, tuwo ne babu. Tsabar ita ce tuwon. Da can masu wannan kiwo sukari suke ɗigawa, ko ruwan kal, wasu har da barasa, kullum sai an auna. Wajen 2009 aka fito da tsabar, wadda ake zubawa sau ɗaya ta yi watanni. Mafi yawanta da wata irin roba mai ruɓewa ake yi, ana ce mata PHA. Abin mamaki, bakteriya ne da kansu ke yin wannan roba. Ita ce rumbunsu, a cikinta suke ajiye abinci don ranar yunwa. Wani Bafaranshe mai suna Lemoigne ne ya gano haka a 1926.

Na tambayi ƙanena yadda yake zaɓa, tunda ya ce iri-iri ne a kanti. Ya ce kafin ya dubi tsaba, ruwa yake dubawa. Yana da ƴan kwalabe na awo, a ɗiga magani a ruwa, launi ya nuna yawan nitarat da fosfat. In nitarat ba ta kai 5 ba, ba ya sa tsaba ko maigida ya matsa. Dalili kuwa, waɗannan halittu suna cin azot da yawa, fosfor kaɗan. Wani Ba'amurke masanin teku, Redfield, ya fara auna wannan a 1934, kuma lissafin da aka tsaya a kai ga ƙananan halittun teku shi ne karbon 106, azot 16, fosfor 1. Bakteriya ba su bin wannan daidai-wa-daida, amma hanyar ɗaya ce. Saboda haka in nitarat ta ƙare, aiki ya tsaya, fosfat na nan zaune, sai wata jar yauƙi ta shimfiɗu a kan yashi da duwatsu. Akwatin da fosfat ne ciwonsa, ya ce, ba tsaba yake so ba. Wani gari mai kama da tsatsar ƙarfe ake sa masa, shi ke kama fosfat. Akwai ma tsabar da aka cuɗa da mai kama fosfat tun daga masana'anta, amma ta fi tsada, kuma tana son ruwa mai ƙarfi kafin ta juya.

Bayan awo sai ya karanta bayan leda ya ga da me aka yi ta. Ya fi son wadda aka rubuta PHA zalla. Mai araha wadda ba a faɗi abin da ke cikinta ba, ya ce ya taɓa gwadawa, ta yi ta zubar da gari tana toshe raga. Sai siffa. Ƙanana masu zagaye sun fi saurin juyawa da ɗan ruwa kaɗan, manya masu kama da guntun kara sukan manne su dunƙule. Juyin ma da iyaka. In ya yi ƙarfi, tsabar ta goge juna ta ƙare da wuri. In ya yi sanyi, ta dunƙule, iska ta ƙare a tsakiya, ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan wari kuwa guba ne. Yakan jiƙa ta kwana ɗaya kafin ya zuba, don busasshiya tana tasowa sama.

Sai yawa. A nan ne ya ba ni labarin nasa kuskuren. Shekararsa ta biyu, wani maigida ya ce yana da baƙi nan da sati biyu, yana son akwatinsa ya yi tas. Ƙanena ya zuba cikakken awon da aka rubuta a leda a rana ɗaya. Bakteriya suka yi yawa fiye da kima, ruwa ya yi fari kamar an zuba nono, suka shanye iskar da ke cikinsa. Da asuba aka kira shi, kifi uku sun mutu, kowane ɗaya ya fi albashinsa na sati. Da ruwan ya washe kuma, ya washe fiye da yadda ake so, murjani ya rasa abin ci ya koɗe. Ashe shi ma yana son taki, ɗan kaɗan. Tun daga ranar, da rubu'in awo yake farawa, ya jira sati 4 zuwa 8 kafin tsabar ta kama aiki, yana aunawa kowane sati, sannan ya ƙara kaɗan-kaɗan.

Duk wannan na ji, ban karaya ba. Na ce zan bi a hankali. Sai ya matsar da salula ya nuna mini wani inji a gefen kwalbar. Kumfa ke tashi a cikinsa, tana zuba a wani kofi, baƙa ƙirin kamar ruwan kwata. Ya ce: "Yaya, ka ga wannan kofin? Ni nake zubar da shi duk bayan kwana uku. Tsabar ba ta fitar da komai daga ruwa. Datti ya shiga cikin bakteriya, bakteriya na cikin ruwa. In ba a kwashe su ba, su mutu, su ruɓe, datti ya koma inda ya fito. Wannan injin kumfa shi ke kwashe su. Wanda ba shi da babban injin kumfa, ba na sayar masa da tsaba."

Na ce to a haɗo da injin. Ya ce tsaba lita 6 ko fiye don tanki kamar namu, da kwalbar juyi, da injin kumfa, kuɗin zai haura jika 200 nesa ba kusa ba. Ya ce kuma dukansu wuta suke so dare da rana, in ta ɗauke na ƴan awoyi tsabar ta fara wari. Garkarmu ko waya ba a ja mata ba. Cikin gari ma a lokacin wuta sai an yi sa'a, tun da Najeriya ta yanke wadda take ba mu a watan Agusta. Sannan ya faɗi ta ƙarshe: injin kumfa ba ya aikin kirki sai a ruwan gishiri.

Wannan na gwada da kaina, a gaban aji. Na zo da gora biyu na lita ɗaya da rabi, kowace na zuba mata ruwan rijiya lita guda. A ɗaya na ƙara gishiri giram 35, cokali biyu ke nan a cike, don haka ruwan teku yake. Na Bahar Maliya da ke gaban Jidda ma ya kai 40. Na ba mata biyu suka girgiza. Na rijiya ya yi manyan ƙwayoyin iska, nan da nan suka fashe. Mai gishiri ya yi fari da ƙananan ƙwayoyi, ya ɗan jima kafin ya washe. A jikin waɗannan ƙanana ne datti ke mannewa ya tashi sama. Ruwanmu ba ya yin su.

Amma ba don gwajin gora na tara mata ranar ba. Ma'ajiyarmu ce ta ce a zo a yi lissafi a allo. Mace ce mai shekara kamar 50, ba ta da yawan magana, kayen ƙungiya a hannunta yake. Ta ce: "Malam, ka ce akwai maganin da za a sayo daga Makka. Kafin a taɓa akwati, rubuta mana abin da ke damun ruwan, mu gani."

Na rubuta. Muna zuba abinci kilo 4 kullum. In na buhu ne, a kowane kilo akwai azot wajen giram 64. Kilo 4, giram 256. Kashi uku cikin huɗu ya koma ruwa, wajen giram 190 ke nan kowace rana. Akwatin da ƙanena ya nuna mini lita 500 ne, abincin kifinsa na yini bai wuce giram 5 ba. In an raba da yawan ruwa, abin da muke zuba wa kowace lita ya ninka nasu fiye da sau 60. Tsabar roba an yi ta ne don share ɗan abin da ya rage a ruwan da yake da tsabta tun farko. Namu kuwa, kamar a ba mutum tsinken sakace ne a ce ya kwashe turken shanu.

Na gaya musu akwai wata hanya mai kama da ita da masu kiwon kifin ci ke bi a wasu ƙasashe. A maimakon roba sai a zuba garin rogo ko ruwan rake, bakteriya su ci tare da amoniya, su dunƙule, kifi ya cinye su. Wani masani, Avnimelech, ya fitar da awonta a 1999: giram 20 na gari ga kowane giram na azot. Na buga a allo, ya ba ni kusan kilo 4 na gari kullum, ban da injin hura iska da ba ya tsayawa. Wata tsohuwa daga baya ta ce: "Malam, wato mu ɗauki garin rogo tiya guda da wani abu mu ba abin da ba mu gani, jikokinmu na kallo?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Maigarka yana zaune bakin ƙofa yana jiran matarsa. Shi ne ya ce in maimaita lambar nan ta 190. Ya ce in an mayar da ita takin ure, nawa ke nan? Ure kashi 46 cikin ɗari azot ne. Na raba. Ya fito giram 400 da ƴan kai kullum, kilo 12 a wata. Ya cire hula ya mayar. Shekarar nan taki ya yi wuya kamar abincin kifi, ga shi lokacin zuba irin albasa ya yi, kowa daga nan har Galmi neman taki yake. Shi kuwa wata huɗu yana kallon taki yana bin kwari, da umarninsa.

Washegari muka yi abin da ya kamata in yi tun farko. Muka hana kifi abinci kwana biyu. Muka zubar da kashi biyu cikin uku na ruwa. Da muka kai ƙasa muka tarar da baƙin taɓo ya kai tsawon yatsa, duk dusarmu ce da jini. Tarwaɗa tana da abin shaƙar iska a cikin kanta, shi ya sa take rayuwa a ruwan da karfasa ba ta kwana, kuma shi ya ruɗe ni na ɗauka ba abin da ke kashe ta. Muka tsamo su duka muka ƙirga a gaban kowa. Ma'ajiya ta buɗe kaye. Ta ce 500 a cire 83, saura 417. Abin da ke cikin robobi 371 ne. Ta dube ni, ta ce: "Malam, 46 fa?"

Na ce manya suna cin ƙanana in ba a raba su ba. Gaskiya ne, haka tarwaɗa take. Ta ce: "Duka 46?" Yaron gadi yana tsaye yana kallon ƙasa. Na ce a'a, 17 ni na binne su, kwana goma da suka wuce, ban faɗa ba. Ba wadda ta ce uffan. Ma'ajiya ta sa bakin alƙalami a takarda, ta rubuta 17, ta rubuta 29 a ƙarƙashi, ta ja layi. Uwar ƙungiya ce ta ce: "Da ka faɗa, ɗana, da mun zo mun ja ruwa da guga. Mu 27 ne." Na fi son a ce zagina ta yi.

Muka ware manya 170 muka ƙyafe, aka sayar jika 76. Saura 201 suka samu sarari. Abincin gida muka riƙa mulmula shi ƙanana muna shanyawa, a zuba kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, in sun daina rububi a tsaya, ba a wuce minti 15. Kowace safiya a sa tiyo a zuƙo taɓon ƙasa tare da ruwa ganga 4 ko 5, a mayar da sabo. Mata suka raba kwanaki, bibbiyu. Maigarka ya haƙa ƴar hanya daga bakin tanki zuwa fangalinsa. Da farko ya ji tsoro, ya gauraya da ruwan rijiya rabi da rabi, ya gwada a fangali biyu da layin zogale. Bayan sati uku shi da kansa ya ce zai riƙa sayen rabin man inji. Daga Nuwamba har muka kwashe, kifi 11 suka mutu, kowane an rubuta shi da ranarsa.

Sanyin hunturu ya rage musu ci, ba su yi girman da littafina ya yi alkawari ba. A watan Fabrairu 2024 muka sayar da 190, aka samu jika 213. Duk abin da muka kashe jika 405 ne, abin da ya dawo jika 289. Akwatin da ya fara da 420 ya koma 304. Tanki yana nan, kuma maigarka ya kawo wa ƙungiya buhu 2 na albasa da ya kwashe. Mata uku suka karɓi rabonsu suka fita daga asusu. Biyu suna zuwa aji har yanzu. Ɗaya ta daina, in mun haɗu a hanya takan amsa gaisuwata a taƙaice. Da an sayi albasa an ajiye kamar yadda ta ce tun farko, da ba a yi wannan asara ba, ta kuwa san na sani.

Bayan aikin hajjin 2024 wani alhaji na unguwarmu ya kawo mini saƙo daga ƙanena: turare, da dabino, da wata ƴar leda ta tsabar roba, cikin tafin hannu guda. Ya rubuta a jiki: "Don ka gani da idonka, kada ka zuba." Na juye ta a kwalba na ajiye a tagar aji. Tsohuwar nan mai maganar garin rogo ta zazzage kaɗan a hannu, ta murza, ta ce da suna da ƙofa da ta shirya wa jikarta abin wuya.

Da aka zo maganar sake zuba kifi, an yi gardama har magariba. Aka tsaya a kan 250. Aka kuma ce kayen mutuwa ya bar hannuna ya koma na ma'ajiya. Jikanta ne ke zuwa garka da sassafe kafin ya wuce lakwal, ya leƙa tanki, ya koma ya gaya mata, ita ta rubuta.